Hannun Daman Baffa

A shekarar da aka yi zaɓe na biyu na mulkin farar hula ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sami Baffa, wan mahaifina. Yana fadama, a ƙauyenmu da ke kusa da Danchadi, yana ban ruwan albasa, sai aka ga ya zauna a bakin rijiya bai sake tashi ba. Ɓarin dama ne ya tafi, ƙafa da hannu da gefen baki. Maganarsa ba ta ɗauke ba, ta dai yi nauyi.

Ni a lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Sakkwato. Ni ba likita ba ne. Na faɗa har na gaji, amma a ƙauye duk wanda aka taɓa gani da farar riga a asibiti ya zama likita, don haka na bari. Da aka sallamo Baffa ya koma gida, sai na riƙa shiga motar Bodinga duk ƙarshen mako, daga can in nemi abin da zai ƙarasa da ni ƙauye.

Ƙafar ba ta ba mu wahala sosai ba. Kafin zafi ya yi tsanani ya fara takawa da sanda, yana jan ta. Hannun ne ya tsaya. Kafaɗa ba kamar ƙugu take ba, ba ta da rami mai zurfi da ƙashi zai zauna a ciki. Naman da ya kewaye ta shi ke riƙe da hannun, in kuwa naman nan ya saki, nauyin hannun kaɗai ya isa ya ja ƙashin ƙasa. Na sa yatsana a saman kafaɗar Baffa, sai ya faɗa cikin wani gurbi da bai kamata a ce yana nan ba. An koya mana cewa irin wannan kafaɗa, in aka bari ta fara ciwo, yawanci daga nan motsa hannu ya ƙare, domin ba mai yarda a taɓa masa inda ke masa zogi.

Abin da nake da shi filasta ce, irin farar nan mai faɗi da ake liƙe bandeji da ita. Sai in aske wurin da reza, in wanke, in bari ya bushe sarai. Inna, matar Baffa, ta tallabe gwiwar hannun ta ɗaga har ƙashin ya koma mazauninsa, ni kuma in ja filastar daga tsakiyar dantse in haye kafaɗa da ita, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, ɗaya ta tsakiya, sannan in gitta wata a sama ta danne bakinsu. Bayan haka in rataye masa hannun a wuya da ƙyalle. Ba zan ce filasta tana warkar da komai ba. Malamanmu ma ba su haɗu a kanta ba, wasu sun ce tana rage nauyi da ciwo, wasu sun ce kwantar da hankali ne kawai. Iya abin da na gani, in tana nan Baffa yakan fi sakin jiki, kuma yakan tuna cewa yana da hannu a wannan gefen.

Samun ta kuwa aiki ne. Lokacin an shiga tsuke bakin aljihu, asibiti ba auduga balle filasta, sai na bi shagunan magani na birni ɗaya bayan ɗaya. Ga zafinmu, gumi yakan ɗaga ta kafin mako ya zagayo, wani lokacin kuma ta bar masa ƙuraje, dole in bar fatar ta huta. Kullum ina cikin fargabar ko na ja da yawa, ko ban ja sosai ba. Nakan farka da asuba ina tunanin fatar tsoho.

Baffa bai damu da sunan ƙashi ko na nama ba. Abu ɗaya yake tambaya.

"Yaushe za ni ci tuwo da hannuna?"

Tun da na yi wayo na san Baffa a ƙofar gida yake cin abinci, shi da maƙwabta da duk baƙon da Allah ya kawo, akushi ɗaya a tsakiya. Tun da ciwon nan ya same shi bai sake zama wurin ba. Ya ce ba zai sa hagu cikin akushin mutane ba, ba kuma za a ba shi a baki a gaban maza ba. Don haka in an fitar da tuwo, shi sai ya shige ɗaki, Inna ta saki labule ta ba shi. Yana jiyo hirarsu daga waje. Ya rame ƙwarai, kuma ina jin ba ciwon kaɗai ya ramar da shi ba.

Na ce masa ban sani ba. Na ce wasu hannun yakan dawo, wasu ya dawo rabi, wasu ba ya dawowa, amma in muka tsare kafaɗar nan daga ciwo akwai fata.

"Kai kullum wataƙila," in ji shi. "Anka kai ka makaranta shekara da shekaru, wataƙila kaɗai kab biyo da ita."

Ban yi tsammanin gaisuwa ce za ta zama babbar abokiyar gabarmu ba. Baffa mutum ne mai jama'a. Shi ke raba gardamar ruwa tsakanin masu fadama, kuma in ya ce kada a sayar wa dillali albasa yau, ba a sayarwa. Saboda haka masu dubiya ba sa yankewa. Da hantsi ake fito da shi zaure a jingina shi da bango, su yi ta shigowa. Gaisuwarmu kuwa an san ta, ba a sakin hannu sai an gama tambayar gida da iyali da gajiya da ruwa da dabbobi, a saki a taɓa ƙirji, a sake kamawa. Baffa yakan sa hagunsa ya ɗago damansa ya miƙa, kamar dai yadda mai ladabi ke tallabe hannu in zai gaida babba. Su kuwa su kama su yi ta girgizawa. Mutum yana tsugune nesa kaɗan, ba zai matso ba, sai ya jawo hannun wajensa. Ina kallo filastar da na yi ta lallaɓawa tana ɗagowa daga baki.

Na roƙi Baffa ya riƙa ba da hagu.

"In ba Liman hagu? Ka ji boko!"

Na ce to ya gaisa da baki kawai. Ya ce mutum ya taso tun daga Bodinga a ƙasa, ya miƙo hannu, a bar shi da hannu a sama? Na je wa Inna da maganar, ta ce zaure ba wurinta ba ne. Sai na riƙa ɗaura ƙyallen ratayar a kan riga, fari tas, yadda ko makaho zai san hannun nan ba na taɓawa ba ne. Bai hana komai ba. Sai su zura hannu cikin ƙyallen su zaro nasa. Akwai wani abokinsa, mai jiki kamar buhun gero, wanda duk zuwansa sai ya gwada ƙarfin hannun. "Matse ni in ji! Matse! Af, har yanzu ba shi da rai," sai ya sake shi ya faɗi a cinya kamar igiyar guga.

Na yi musu bayani, ban san iyaka ba. Suna saurare da kyau, suna gyaɗa kai, suna cewa Allah shi ƙara sani, Likita. Da na rufe baki sai na kusa ya miƙa hannu ya yi sallama da Baffa da girgiza. Mutanen nan in saniyarsu ta gurɗe ƙafa ba mai yarda a ja ta. Sun san ɗori, sun san targaɗe. Amma ba don jikin Baffa suke zuwa ba, suna zuwa ne don a ga sun zo, su sha fura, su tafi da labarin yadda bakinsa ya karkace. Wasu har su nemi in yanko musu filasta su liƙa a ƙugu, wai sun ji tana tsotse ciwo.

Duk da haka, da ruwa ya sauka aka fara shuka, masu dubiya suka ragu, sai hannun ya fara farfaɗowa. Babban yatsa ne ya fara motsi, sauran suka biyo baya da kyar. Na ɗauko ƙaramar albasa daga rumbu na ajiye masa a tabarma, na ce ya kama. Ya yi ta fama har ya kama. Daga nan aikinsa ke nan kullum: in an dafa masa gwiwar hannu a kan matashi, ya ɗago albasar zuwa baki. Da farko iyakarta cibiya. Kafin gero ya kai gwiwa ta kai ƙirji, wata ranar Asabar kuma na zo na tarar tana taɓa gemunsa. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana dariya tana share ido da gefen zane.

"Saura ƙiris, Likita," in ji Baffa. "Yanzu mi za ka ce?"

Na ce in Allah ya so, in ba a sami wani cikas ba.

Cikas ɗin yana cikin gidan. Babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, shi ne sakataren jam'iyya na mazaɓarmu, har sunan ya bi shi, kowa Sakatare yake ce masa. Bai gama firamare ba, bai iya noma ba, amma yana da jakar hannu wadda ban taɓa ganin ya buɗe ta ba, da baƙin tabarau da yake sawa har cikin ɗaki. A waɗannan shekaru hanyar Shagari, garin shugaban ƙasa na lokacin, ba ta rabuwa da motoci masu tuta, shi kuwa yakan wuni a bakin titi a Bodinga yana ɗaga musu hannu, in wata ta rage gudu saboda rami ya dawo gida ya ce sun tsaya sun gaisa. Tun da uban ya kwanta bai taɓa tallabe masa gwiwar hannu ba. Ni kuwa Likitan Filasta yake kirana.

Wani zuwa da na yi na nemi sabon ƙullin filastar da na bari a ɗakin Inna, babu. Na fito sai na gan ta a bangon gidan. Hotunan ɗan takararsu na majalisa ne jere, kowanne an liƙe kusurwoyinsa da farar filasta, mai kyau, an ma yi mata ado.

"Yaya, wannan ta kafaɗar Baffa ce. Ba a samun ta."

"Kunun rogo ba shi kama bangon ƙasa," in ji shi. "Taka ko ta kama. Ka ga ashe tana da anfani. In munka ci zaɓe, mota guda za a kawo maka."

A wannan makon da bandeji na ɗaure kafaɗar, ya kuwa zame kafin in kai tasha.

Sai ga labari cewa ɗan takarar zai bi ta ƙauyenmu ran Lahadi a kan hanyarsa ta zuwa taro a Shagari, kuma zai tsaya ya duba Baffa. Ban taɓa jin sun san juna ba. Amma masu fadama suna da yawa, kuma an san inda Baffa ya karkata nan suke karkata. Sakatare ya sa aka share ƙofar gida, aka ari kujeru daga makaranta. Ni na zo tun Asabar da filastar da na samo da kyar, na ɗaura masa da safiyar Lahadi, na ja ta da kyau, na ƙara ɗaya a kan yadda na saba.

Sakatare ya shigo da babbar riga mai aiki ya ce a sa wa Baba. Da aka sa, sai ya kama ƙyallen ratayar ya zare.

"Wanga tsumma ba shi zama. Akwai mai hoto."

"Yaya, ƙyallen nan shi ke ɗauke nauyin hannun. Filasta kaɗai ba lalle ta iya ba."

"Ba lalle ba, ba lalle ba. Onarabul za shi zo, shi ga uban Sakatare da tsumma a wuya kamar akuyar da anka kai kasuwa?"

Na juya wajen Baffa. Yana kallon aikin da ke gaban rigar. Ya ce a bar shi, ai ɗan lokaci ne. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da ya yi watanni ba wanda ya gan shi a tufafin kirki. Na dai roƙi Sakatare abu ɗaya, ya gaya wa baƙonsa tun a mota kada ya ja hannun, kada kuma ya ɗaga shi. Ya ce ya ji. Na sake faɗa. Ya ce ya ji mana, ko sai ya rubuta mini?

An ce da hantsi, ba su iso ba sai bayan azahar. Baffa yana zaune a kujera a ƙofar gida tun safe, hannun a kan matashin da na ɗora masa a cinya, gumi yana bin wuyansa, ni kuwa ina lissafin yadda gumin nan ke cin filastata a ƙarƙashin rigar. Da motocin suka tsaya sai wurin ya rikice, makaɗa, maroƙa, matasa masu sanduna suna buɗa hanya. Ina tsaye a gefen damansa, inda na yi niyyar tsayawa, sai wani ƙato ya dafa ƙirjina ya tura ni baya, ya ce wurin manya ne. Na ce ni ke duba mara lafiyan. Ya ce to ai ga shi an zo duba shi.

Ɗan takarar gajere ne mai ƙamshin turare, bakinsa ba ya rufuwa. Ya tsuguna rabin tsuguno, ya ce Baba ya jiki, bai jira amsa ba. Wani ya ture matashin don yana tare hoto. Aka ce Baba ya miƙe, mutum biyu suka ɗago shi ta hammata. Baffa ya sa hagu ya ɗago damansa ya miƙa kamar kullum. Mutumin ya kama, ya girgiza, ya juyo wajen jama'a.

"Kun gani? Baba ya miƙe! Baba namu na!"

Sai ya ɗaga hannun sama, can sama da kai, irin yadda ake ɗaga na ɗan damben da ya yi kisa. Da yake gajere ne har ɗage yake yi, yana fizgar hannun don ya miƙe sosai. Na yi ihu. Na tabbata na yi, domin maƙogwarona ya kwana yana zafi, amma kalangu uku ne a wurin. Mai hoto ya ce a ƙara ɗagawa, bai ɗauka da kyau ba. Aka ƙara. Bakin Baffa a buɗe, maroƙi yana cewa ga dattijo yana kabbara.

Da suka sake shi, hannun ya faɗo, shi ma ya faɗa kujera. Kafin in kutsa in isa wurinsa motoci sun tashi, Sakatare yana maƙale a bayan ta ƙarshe.

Muka shigar da shi ɗaki. Rigar ba ta ciruwa sai da na sa almakashi. Filastar ta tsinke daga baya, ta gaba kuma ta ɗebo fata. Bai yi kuka ba, yana dai jan numfashi ta haƙora, yana kiran sunan Allah. Kafin magariba kafaɗar ta kumbura ta yi zafi. Washegari na kai shi birni a yi hoton ƙashi, aka ce babu fim, ba a kuma san ranar zuwansa ba. Saboda haka har yau ba zan iya rantsewa a kan abin da ya yage a ciki ba. Wani babba a wurin aikinmu ya duba ya ce mai yiwuwa jijiyoyin da ke saman kafaɗar ne, mai yiwuwa kuma da ma ciwon yana tafe ko ba a ɗaga ba. Na yarda hakan yana faruwa. Na dai san ran Asabar albasa tana taɓa gemunsa, ran Litinin kuwa ko rigarsa ta goga wurin sai ya runtse ido.

Sakatare ya dawo bayan kwana biyu da turmin atamfa ga Inna da sabon agogo a hannunsa. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce Onarabul hannunsa da albarka, tsofaffi nawa ke neman ya taɓa su ba su samu ba. Ya ce in akwai abin da ya lalace, a tambayi wanda ya yi ta naɗe tsoho da danƙo kamar tayar keke. Wannan maganar ta shiga gari fiye da duk bayanin da na yi a zaure. Mutanen da suka yi watanni suna fizgar hannun nan suka taru a kan cewa filasta ce ta hana jini gudu. Mai jikin buhun gero ya ce shi tun farko bai yarda da ita ba.

Hoton ya fito. An buga shi a takardun da aka raba kafin zaɓe, ɗan takara yana dariya, Baffa da hannu a sama, baki a buɗe. Sakatare ya sa nasa a gilashi ya rataye a zaure, daidai saman inda uban ke jingina.

Na ci gaba da zuwa. Da fatar ta warke na koma ɗaura filasta, na yi gashi da ruwan ɗumi, na yi ta lallashi ya bari in motsa hannun ko kaɗan. Wani mako ya bari, wani mako ya ce in ƙyale shi don Allah. Ban taɓa matsa masa ba, ban kuma san ko da na matsa da an sami wani abu ba. Bayan hannun ya kumbura ya yi sheƙi, gwiwar ta lanƙwashe, yatsun suka dunƙule. In na ajiye albasa a tabarma sai ya kawar da kai.

Daminar ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Ƙarshen shekara sojoji suka karɓi mulki. Ɗan takarar, wanda ya ci zaɓensa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, Sakatare kuma ya sauke hoton tun kafin rana ta faɗi, ya koma cewa shi da ma bai taɓa son siyasa ba. Fura ta yi wuya a gidan, masu dubiya ma suka yi wuya. Sai 'yan kaɗan da ke zuwa daidai lokacin tuwo.

Wata Asabar cikin rani ina yanka filasta, sai Baffa ya ce in dakata.

"Wanga hannu ba shi ba ni tuwo. Ko ba haka ba?"

Na fara cewa ba a yanke ƙauna, akwai waɗanda bayan shekara...

"Bari wataƙila. Awo ko a'a?"

Na ce ina jin a'a.

Sannan ya ce in ɗauki hannun in kwantar masa a ƙirji, in liƙe shi da jikinsa, daga wuyan hannu zuwa haƙarƙari, a sa riga a kai. Na ce wannan ba abin da aka koya mana ba ne, hannun da aka ɗaure haka ƙara sandarewa yake yi, ga fata kuma. Ya ce ya ji, in mutane sun tafi sai a kwance masa. Ya ce ya gaji da ba mutane abin da ba su san yadda ake riƙewa ba.

Na yi yadda ya ce. Na sa auduga a ƙarƙashi, ban ja sosai ba. Inna ta sa masa riga, hannun rigar na dama ya sauka fayau ba komai a ciki. Ya ce ta sa a kai akushi ƙofar gida, da nasa ruwan wanke hannu. Ta tsaya tana kallonsa, ya ce ko ba ta ji ba?

Mutum huɗu ne a tabarma, har da Sakatare da mai jikin buhun gero. Da suka ga Baffa ya fito yana jan ƙafa sai suka miƙe. Abokin nasa ya miƙo hannu, ya laluba hannun rigar, ya kama yadi. Ya tsaya riƙe da shi, yana kallon na kusa da shi.

"Lahiya lau," in ji Baffa. "Gida lahiya, iyali lahiya. Zamna."

Na taimaka masa ya zauna. Ya wanke hagunsa da kyau, har tsakanin yatsu, ya yi bisimilla ya sa cikin akushi. Lomar farko ta wargaje kafin ta kai baki, miya ta zuba a rigarsa. Ya sake yanko wata.

"Baba," in ji Sakatare a hankali, "da hagu? Gaban mutane?"

Baffa bai dube shi ba. Abokin nasa ya ɗan juya akushin don gefen da Baffa ya taɓa ya yi nesa da shi, wani kuma ya tuna cewa ya ci abinci a gida. Ba wanda ya tashi dai, domin tuwo ya yi tsada a shekarar. Suna ci suna satar kallon hannunsa, shi kuwa yana ta ci. Da ya cinye gefensa sai ya jawo akushin gabansa, ya ce in leƙa in gaya wa Inna ta ƙaro miya.